Allurar da Zainabu Ta Hana

Wannan babi shi ne na fi jinkirta rubutawa, kuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko. Babukan da suka gabata, na ƙuruciyata da na aikina, na rubuta su ne ina kewaye, kamar mai share tsakar gida don kada ya shiga ɗakin da ya san abin da ke ciki. Yau sharar ta iso bakin ƙofa. Ku uku nake yi wa magana, ko da yake maza biyun na fi nufi: kai Ibrahim babbansu, kai Sani, da ke Zainabu autarsu. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyarku, Hajiya Mariyama, kuma shekara shida ke nan ku biyu maza ba ku taka ƙofar ƙanwarku ba. Ba ku amsa gaisuwarta, kun hana matanku zuwa sunan 'ya'yanta, domin kun yarda cewa ita ce ta hana a yi wa uwarku allurar da za ta cece ta. Ni na san ba haka ba ne. Na sani tun a lokacin, na kuma yi shiru. Ga yadda abin ya kasance, kuma ina so a karanta shi daga farko har ƙarshe ba tare da an tsallake layi ba.

Kun san a lakwal, wato makarantar boko, ta mishan na yi karatu. Mahaifina bai kai ni can don in bar addinina ba, ban kuwa bari ba, amma na fito da wani abu wanda ya zauna mini kusa da addini. Malamin da ya rene mu, wanda muke kira Mushe, yakan zo da sandar awo kowace safiya ya auna yadda muka ninke bargunanmu; wanda nasa ya karkace da faɗin yatsa ɗaya sai ya kwance ya sake, ko da kuwa kokonsa zai huce. A wurinsa aikin da aka yi kusa da daidai da wanda ba a taɓa ba duk ɗaya ne. Na ɗauki wannan na shiga da shi aikin jinya, na yi shekaru ina shugabantar ma'aikatan gidan likita, har sunan Majo ya danne sunana na yanka. Ban taɓa ba da magani a makare da minti biyar ba. Ban taɓa barin allura a kan tebur ba a dafa ba. Ina faɗin wannan ba don yabo ba, sai don ku gane irin mutumin da ya yi kuskuren da zan bayyana.

Da na ajiye aiki na dawo gidanmu na Matamaye, na kafa wa kaina doka guda: ba zan duba kowa a gida ba. Wanda ya ajiye aiki ba shi da ma'auni, ba shi da wurin awon jini ko na fitsari, saboda haka ba shi da ikon ba da magani. Dokar daidai ce, har yau ban janye ta ba. Waɗanda ta fi shafa su ne matan unguwarmu. Da an gama girbi mazansu kan tsallaka iyaka cin rani, su bar su da yara da tsofaffi, sai ɗakin uwarku ya zama matattararsu. A nan suke tsinkar zogale, a nan suke kitso, a nan suke faɗa wa juna abin da ba sa faɗa wa kowa. Da yawansu na fama da abin da suke kira sanyi, wato zafin fitsari da yawan fita da ciwon mara, kuma kunya ba ta barinsu su je su faɗi haka a gaban samarin ma'aikata, waɗanda wasunsu a bayansu aka goya su. Sau da yawa ɗaya takan tsaya a zaure ta durƙusa, ta yi ta kewaye-kewaye da magana. Amsata ba ta taɓa sauyawa ba.

"Ki tafi gidan likita a auna ki. Nan gida ne."

Amma a cikin ɗakina akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, kuma a cikinsa akwai antibiyotik iri-iri, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda nake saye a farmasi da sunan shirin ko-ta-kwana. Na jera su bisa ƙarfinsu, ina duba ranar lalacewarsu kowane wata. Dokar da na kafa wa matan mutane ban kafa wa matata ita ba. Na ga ƙasƙanci ne a ce matar Majo ta ratsa tsakar gidan likita da kwalbar fitsari a hannu, ta miƙa wa yaran da na san rubutunsu ma bai miƙe ba. Na ce a raina ni na san jikinta fiye da kowace na'ura.

Yadda abin ke gudana shi ne, bayan sallar asuba takan zo ta tsaya a bakin ƙofata, idonta a ƙasa.

"Malam, sanyin nan ya dawo."

Sai in yi mata tambayoyi uku, kullum su ɗin dai, ta amsa kamar mai bitar hadda. In buɗe akwati in ware na mako guda. Kwana biyun farko da hannuna nake ba ta, agogo a ɗaya hannun, in tsaya har sai na ga maƙogwaronta ya motsa. A rana ta uku takan ce ta ji sauƙi. Ni kuma, domin ina da lambun rake da ke jirana, sai in ƙunshe sauran a farar takarda, in rubuta lokutan sha a bayanta da kyakkyawan rubutu, in miƙa mata.

"Ki cika shi har ƙarshe. Wanda ya yanke magani a tsakiya ya fi wanda bai fara ba laifi."

"To, Malam."

Haka muka yi fiye da shekara goma. Na lura ciwon ya fi zuwa mata da rani, wani lokaci kusan kowane wata, da damina kuma ya ɓace. Na nemo wa wannan bayani irin na littafi, na ce zafi ne da ƙarancin shan ruwa. Na samo mata kwalba mai alama, na wajabta mata shanye ta sau huɗu a yini. Ta riƙa sha ba gardama. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa ciwon mace ke zuwa tare da tafiyar mazan maƙwabta, yana kuma ɓacewa da dawowarsu ba.

A shekarar da nake magana a kanta ciwon sukari ya riga ya kama ta. Ana tsakiyar bazara, wata safiya ban ji ta a bakin ƙofa ba. Na shiga na tarar da ita a duƙe a gefen gado, hannunta dafe da kwiɓinta na dama, jikinta na kaɗawa kamar an tsoma ta a randa, ga zafi kamar garwashi. Ta yi amai sau biyu kafin hantsi. A wannan karo ba ta ce sanyi ya dawo ba. Ku saurara da kyau a nan: na gane abin da nake gani. Na koya wa ɗaruruwan yara cewa idan zafin fitsari ya zo da zazzaɓi da makyarkyata da ciwon kwiɓi, to cutar ta bar mafitsara ta hau ƙoda. Idan kuma mai ita tana da sukari ko ta manyanta, ba a zama da ita a gida, ana ɗibar fitsarin kafin a ba da ƙwaya ko ɗaya, a kai ta inda ake da gado da ma'auni. Na san wannan kamar Fatiha. Na je na buɗe akwati.

Na ba ta maganin da na saba, kwana uku, bai motsa kome ba. Na hau na biyu, kwana uku, zazzaɓin ya sauka da safe ya dawo da yamma. Na ɗauko allura daga ƙasan akwatin, wadda na san tana da ƙarfi na kuma san tana wahalar da ƙoda, na yi mata da hannuna kwana uku, kowace a kan lokacinta. Kwana tara ke nan. Na hana a sanar da ku. Na fi hana a sanar da Zainabu, domin ita a labo, ɗakin awon jini da fitsari, take aiki a wani asibiti a Damagaram, na kuma san tambayar da za ta fara yi mini. Wata maƙwabciya ce ta kira ta a ɓoye. Ta iso ranar Jumu'a da hantsi, ta shiga wurin uwarta ta jima, sannan ta fito ta durƙusa a gabana yadda aka koya mata.

"Baba, me ka ba ta?"

Na lissafa mata, da awo da lokaci.

"An auna fitsarin?"

"Na yi wannan aiki tun kafin a haifi wanda ya koya miki shi."

"Na sani, Baba. An auna?"

Ta ciro wata 'yar kwalba a rufe daga jakarta, ta koma ciki. Kafin a tashi daga masallaci ta samo mota, mun kama hanyar Damagaram, kan uwarku a cinyarta.

Likitan da ya karɓe mu yaro ne, bai kai Sani ba. Ya saurari jerin magungunana bai katse ni ba, ya rubuta, ya sa aka ɗauki hoton ciki da jini. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani cikin ladabin da ya fi mari zafi. Ya ce akwai tsakuwa da ta tare hanyar fitsari a dama, cutar ta taru a bayanta, kuma ƙodojin biyu sun gaji. Ya ce za su sa mata ruwa da robar fitsari, su fara da maganin da suka fi zato nan take, amma sanin ainihin wanda zai ci ƙwayar cutar sai an shuka ta a faranti an gwada mata magunguna ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan kwana uku ne, ba a gaggauta shi. Ya ƙara da cewa magungunan da aka riga aka ba ta za su iya jinkirta fitowar ƙwayar. Bai ce laifinka ne ba. Ya ce mini Baba Majo.

A wannan rana na kira ku, na ce muku uwarku ta kwanta shekaranjiya. Ƙaryar farko ke nan.

Kai Ibrahim ka iso daga Kano washegari da kwali a hannu, Sani na biye da kai. Wani abokinka mai shagon magani ya ba ka, ya rantse maka babu allurar da ta fi ta ƙarfi, ya ce kwana ɗaya take tayar da wanda ya kwanta. Ban ga laifinka ba, a lokacin ko yanzu. Ɗa ne ya ɗauko abin da hannunsa ya kai gare shi. Mun tsaya ƙarƙashin bishiyar da ke gaban ɗakin jinya. Zainabu ta karɓi kwalin, ta juya shi, ta karanta sunan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe ƙarƙashin babban suna. Ni ma na karanta ta saman kafaɗarta. Ita ce allurar da na yi wa uwarku kwana uku a gida, an sauya mata riga da suna kawai. Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ta mayar da ido kanka.

"Yaya, ba za a yi mata wannan ba."

"Saboda me?"

"Ba za a yi ba."

"Ke da aikinki wankin kwalabe ne, ke za ki hana? An ce a jira kwana uku ana kiwon ƙwaya a faranti kamar masu kiwon kaji, ita kuwa tana can tana ƙonewa. Ba ni kwalina."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Ba haƙuri na tambaye ki ba, dalili na tambaya."

Tana da dalili, kuma jimla ɗaya ce: Baba ya riga ya yi mata ita, ba ta ci cutar ba, ƙodar ta ci. Amma faɗin wannan jimla yana nufin buɗe kwana taran da na ɓoye, a gaban 'ya'yana maza, a tsakar asibiti. Ta rungume kwalin a ƙirjinta. Ka juyo wurina.

"Baba, ka yi magana mana. Kai ne Majo, ba ita ba."

Ina tsaye hannuwana a baya, yadda nake tsayawa a gaban sababbin ma'aikata. Na ce:

"Mu bar wa masu asibiti aikinsu."

Kai ka ji muryar tsohon da 'yarsa ta fi ƙarfinsa. Ita ta ji abin da na faɗa a zahiri, wato na bar ta da kayan ita kaɗai.

A rana ta uku da azahar ta kawo mini takardar sakamakon, ita da kanta ta yi aikin. Sunayen magunguna ne a jere daga sama zuwa ƙasa, a gaban kowanne an sa alamar ko ƙwayar tana jin sa ko ba ta ji. Na bi su da yatsa. Kamar wani ya buɗe akwatina ya kwafe abin da ke ciki bisa tsarin da na jera su: wannan ba ta ji, wannan ba ta ji, wannan ma haka. Allurarka, Ibrahim, wadda ita ce allurata, tana layi na huɗu. Guda ɗaya tak a can ƙasa aka ce zai ci ta, kuma babu shi a garin, sai an aiko daga Yamai. Na ninke takardar gida huɗu, gefe a kan gefe, na sa a aljihu. Kwana biyu aka yi kafin maganin ya iso. An sa mata shi a kan lokaci. Amma tun da safiyar ranar jakar fitsarin da ke rataye a gefen gadon ta daina cika, ni kuwa na yi shekaru ina duban irin waɗannan jakunkuna, ba na bukatar a fassara mini.

Da hantsin ranar ƙarshe hankalinta ya dawo na ɗan lokaci. Ta gan ni zaune ina duba agogo, ta yi murmushi.

"Malam, ƙarfe nawa? Kada lokacin magani ya wuce ka yi mana faɗa."

"Da saura."

"Akwai abin da na ɓoye maka. Ina so ka yafe mini."

"Ki huta. Ba yanzu ne lokacin magana ba."

Shekara arba'in da ɗoriya ina gaya mata lokacin kowane abu, ta kuwa yarda da ni a wannan karon ma. Ta rufe ido. Bayan la'asar ta cika.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ɗan ragu, matan unguwa suka shigo zaure yi mini gaisuwa. Gabansu wata dattijuwa ce da ake kira Ta Tsauni, domin daga can aka auro ta, aminiyar uwarku ce ta shekara talatin. Ta durƙusa ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta share ido da gefen mayafi.

"Majo, mu dai mun fi kowa rashi. Kai ma Allah ya saka maka. Muna ta cewa mutumin nan dutse ne, ashe a ɓoye kake alherinka."

"Wane alheri?"

"Kafson nan mana, da kake aiko mana ta hannun Hajiya. A ƙunshe cikin farar takarda, har da rubutu a baya, ko da yake mu ba karatu muka iya ba. Ƙunshi ɗaya mu uku muke rabawa, wani lokaci mu huɗu."

Na ce ta sake faɗa. Ta ɗauka kunnena ne ya yi nauyi, ta ɗaga murya.

"In ɗayanmu ta kasa, sai mu gaya wa Hajiya. Takan ce ku yi haƙuri sai jibi, sai na sha nawa rabon a gabansa tukuna. Har tsokanarta muke yi, muna ce mata mai ɗanɗana mana miya. Ita kam lafiyarta lau, baiwar Allah, ban taɓa jin ta yi kukan sanyi ba sai wannan da ya tafi da ita."

Sauran matan suka yi 'yar dariya cikin hawaye, suna tuna ta. Na amsa addu'arsu yadda ya kamata, na jira suka fita.

Ku da ba ku yi wannan aiki ba, bari in bayyana muku abin da na gane a zauren nan, domin ba na so ku ɗauka baƙin cikin tsoho ne kawai. A cikin jikin kowane mutum akwai ƙwayoyi da ke zaune lafiya ba sa cutar da shi. Duk lokacin da aka sha antibiyotik, raunanan cikinsu ne ke mutuwa, masu taurin kai su tsira su hayayyafa su cika wurin. Uwarku ta haɗiyi maganin kwana biyu ba ta da ciwo, ta tsaya, wata ya zagayo ta sake, da wani iri bayan wani iri, fiye da shekara goma, kuma ni ne nake tsaye a kanta da agogo ina tabbatar da ta haɗiye. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta sami hanya ta hau ƙodarta, ta riga ta san duk abin da ke cikin akwatina. Matan nan kuma kowace ta riƙa samun kafso uku ko huɗu, abin da ke kwantar da zafi ya bar cutar da rai. Na yi daidai da na ƙi ba su magani a zaure. Abin da ban yi ba shi ne in saka takalmina safiya ɗaya in je gidan likita in ce a ware wa matan nan mace ma'aikaciya da rana guda a mako. Da an saurare ni, domin ana jin maganata a lokacin. Safiya ɗaya ce. Na zaɓi in rufe ƙofa in ji daɗin cewa ban karya doka ba, matata kuma ta nemo musu hanya ta cikin jikinta, domin ta san mijinta ba a roƙonsa.

A yammacin ranar sadakar ukun ne kai Ibrahim ka tsaya a wannan zauren, Sani a gefenka, ka ce daga yau ba ka da ƙanwa. Zainabu tana bayan labule tana ji. Takardar tana aljihuna, ina jin gefenta a ƙirjina. Na ce ka rage murya akwai baƙi. Abin da na ce ke nan, ba ƙari. Na yi ta neman suna mai daraja da zan ba wannan shirun, na kira shi juyayi, na kira shi jiran lokacin da ya dace. Sunansa tsoro. Na ji tsoron ranar da 'ya'yana maza za su dube ni su ga mutumin da ya yi kuskure.

Bayan girbin bara na shiga mota ni kaɗai na je gidanta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa da fura, ta zauna nesa kaɗan. Na faɗa mata kome bisa tsari, har da maganar Ta Tsauni, wadda nake zaton ba ta sani ba. Ta saurara har na kai aya.

"Na sani, Baba. Tun da na ga farantin na san ƙwaya ba ta sanin magani haka sai an sa ta lakwal shekara da shekaru. Sauran kuma Inna ta faɗa mini, ranar da ka ce ta huta. Da ka fita alwala ta kira ni."

"Me ta ce?"

"Ta ce kada in bari yayyena su raina ka."

Wata yarinya 'yar shekara biyar ta leƙo daga ɗaki ta koma, jikata ce, ranar na fara ganin ta da wayonta. Na ce wa Zainabu ta yafe mini.

"Na yafe tuntuni. Amma ba ni za ka faɗa wa wannan ba, Baba, ni na riga na sani. Kuma ko ka faɗa musu, yarinyar nan ta riga ta tambaye ni ko ni ba ni da dangi. Na riga na ba ta amsa."

Ban tambaye ta wace amsa ce ba.

Ba na sa ran wannan rubutu zai gyara da yawa. Ta Tsauni tana kwance yau da gobe, an kai ta Damagaram sau biyu, kowane zuwa jerin magungunan da ke cin cutarta ƙara gajarta yake yi, kuma har yanzu in na wuce ƙofarta sai ta sa a ɗaga ta don ta yi mini godiya. Na je gidan likita na yi maganar da ya kamata in yi tun shekaru goma sha. An karɓe ni da girmamawa, an ba ni kujera, amma waɗanda ke wurin yanzu ba su san ko wane ne Majo ba. A kasuwa ana nan ana sayar da kafso ɗaiɗai a kan faranti kusa da goro, kuma ni ba ni da bakin tsawata wa mai tallan, domin shi aƙalla bai taɓa cewa ya sani ba.

Na liƙa takardar sakamakon a bayan wannan shafi. Kwalinka, Ibrahim, yana cikin akwatin ƙarfe, ba a buɗe shi ba, kuma kusa da shi akwai kwalaben allura uku da na yi amfani da su a gida. Mabuɗin yana rataye a bayan agogon bango. Ka karanta ƙaramin sunan da ke jikin kwalin, ka karanta na jikin kwalaben, sannan ka duba layi na huɗu. Ba ka bukatar ilimin likita, idonka ya isa. Na yi niyyar in karanta muku wannan da bakina in kun zo Sallah, amma na san kaina, shi ya sa na rubuta.

Idan kun gama, ku yi da sunana yadda kuka ga dama, na daɗe ina tsaronsa kuma kun ga abin da tsaron ya ci. Na bi wannan babi sau uku ina gyara, babu sauran abin da alƙalami zai iya. Gidan ƙanwarku yana nan inda kuka san shi, ƙofar dai an sake mata fenti, shuɗiya ce yanzu. Tana dawowa daga aiki bayan la'asar. Kada ku aiki kowa, ku je da ƙafarku.